Sumba Uku ga Merv

Ina so a shaida tun kafin in fara: tun da aka kafa garin Mullabri ba a taɓa yi wa wani bawan Allah irin zaluncin da aka yi mini ba. An yi farin shekara bakwai a nan, an yi gobarar daji, an yi shekarar da ɓeraye suka cinye har wayoyin motoci, amma duk waɗannan a kan kowa suka sauka. Tawa masifar ni kaɗai aka ɗinka wa ita, daidai wuyana. Ni Clive Pascoe, mai gwanjon tumaki, wanda idan ya buɗe murya a kara ake jiyo shi har tashar jirgin ƙasa, mai shekara hamsin da huɗu da gashin bakin da har yau ba a sami na biyunsa a gundumar nan ba, ni aka yi wa bencin tunawa da mamaci ina raye ina cin abinci sau uku a rana. Katakon mai kyau ne, ban ƙi ba. An manna masa allon tagulla da sunana da shekarar haihuwata, sai ɗan layi, sai fili da aka bari ana jira. Kuma ina aka kafa shi? Gindin itacen turaren da fararen aku ke taruwa, taku shida daga bayan gidan maza.

Duk a kan kwat ɗaya ne. Shugaban kulob ɗinmu na mirgina ƙwallo a ciyawa yana da koren kwat mai maɓallan zinariya, da wurin ajiye mota mai sunansa a inuwa. Shekara goma sha ɗaya ina kallon kwat ɗin nan a jikin mutanen da ba su da kafaɗar ɗaukarsa. Da tsohon shugaba ya ce zai koma bakin teku da zama, aka sa ranar zaɓe Asabar, sai muka rage mu biyu: ni da Glenda Marchetti, sakatariyar kulob, mai shagon gyaran gashi, mace ɗaya tilo a duniya da ta san ainihin launin gashin bakina.

Ni mutum ne mai lura. Na daɗe ina nazarin saƙonnin da Glenda ke turo wa 'yan kulob a waya, na ga babu wanda take rufewa ba tare da ɗan gicciyen nan na x ba, wanda ake jerawa a madadin sumba. "Masoyana, an zuba wa ciyawa taki, kada kowa ya taka. xx" Taki fa. Mace ta sumbace ka sau biyu a kan taki, ka ce ba za ka ba ta ƙuri'a ba?

Ranar Lahadi matata Noelene tana haɗa jaka, za ta Dubbo wurin 'yarmu da ta haihu, sai Asabar za ta dawo. Na tsaya a ƙofar ɗaki na ce, "Noelene, na gano sirrin matar nan."

"Sirrinta tana zuwa aikin gayya, kai kuma ranar ce bayanka ke ciwo."

"Sumba ce. Da sumba take sayen mutane. Abin da take sayarwa a kwano ni zan kawo shi a buhu."

Ta ajiye rigar da take naɗewa ta dube ni. "Kai? Shekara ashirin da takwas, maganar da ta fi daɗi da ka taɓa turo mini ita ce, akwai ragowar naman jiya?"

"Ke ai ƙuri'arki tana gida."

"Haka ka gani?" in ji ta, ta ja zif ɗin jaka. "Ka ba karen nan abinci. Kuma kada ka yi abin da sai na dawo na gyara."

Litinin da safe motarta tana fita na baje sunayen 'yan kulob sittin da uku a tebur, na ware su yadda nake ware tumaki a kara. Garke na farko, waɗanda ba su da inda za su sai wurina, da waɗanda kunnensu ya yi nauyi har ba su san ana zaɓe ba: sumba ɗaya. Na biyu, masu ƙafa ɗaya nan ɗaya can: biyu. Na uku, manyan raguna, waɗanda idan suka juya garke duka ya bi: uku. Kuma ban ambaci zaɓe ko sau ɗaya ba. Dillali na gari ba ya nuna yunwa, sai ya bari mai saye ya ɗaga hannu da kansa.

Babban ragona shi ne Merv Tuckey, bakanike, abokina tun aji ɗaya. Shi ya gabatar da sunana a takara, kuma duk mazan kulob bakinsa suke kallo. Saƙonnina da Merv shekara da shekaru iri ɗaya ne. Ya rubuto, "Kai tumbi, ka mutu ne ko kana tafe?" In mayar, "Ina hanya, tsohon biri." Ran nan kuwa na gyara zama na rubuta masa: "Merv abin ƙaunata, na daɗe ina son in gaya maka cewa samun aboki irinka ba ƙaramin arziki ba ne. Na gode da komai. xxx"

Na karanta, na ji har ni abin ya taɓa ni. Na tura.

Ba a yi minti ashirin ba sai ga a-kori-kurar Merv a ƙofar gida. Ya sauko da tsanina, wanda ya ara shekara tara da suka wuce yake rantsuwa nasa ne, ya jingina shi a bango a hankali kamar ƙwai. Sannan ya cire hula. Ban taɓa ganin tsakiyar kan Merv ba sai ranar.

"Clive," ya ce.

Na waiwaya in ga da wa yake. Rabon da Merv ya kira ni da sunana tun ranar aurena, shi ma don fasto yana tsaye.

"Na ga saƙonka."

"To, ya ka gani?"

Ya dubi sama. Ya dubi taya. Ya ce da alama ba za a yi ruwa a satin nan ba. Sannan ya dafa kafaɗata sau biyu, ya ce, "Ni ma haka, Clive. Ni ma haka." Ya shiga mota yana jan hanci.

Na koma ciki ina taka rawa a kan tabarmar ƙofa. Sumba uku ta dawo da tsanin shekara tara. Me za ta yi wa ƙuri'a?

Kafin la'asar kwanuka suka fara sauka. Taliya da nama a gashe, farfesun rago, kaza da dankali, kowane kwano da sunan mai shi manne a gindi. Masu kawowa ba sa zama. Su miƙo, su riƙe hannuna ɗan lokaci, su ce na yi kyau, su fita da sauri. Na ce wa kare, "Ka ga siyasa ke nan. Glenda ta taɓa samun kaza?"

Talata Goggo Beryl ta zo da kanta. Shekararta tamanin da ɗaya, kuma a Mullabri babu suna, babu biki, babu jana'izar da ake yi ba ta tsara wa zai kawo me ba. Ta ajiye faranti cike da kek mai kwakwa, ta zauna, ta kama hannuna da hannu biyu.

"Ɗana, wata nawa likita ya ba ka?"

Kek yana bakina. Na ce, "Na'am?"

"Kada ka wahalar da kanka. Merv ya nuna mana saƙon. Irinsa marigayi Kev Dunstan ya tura wa abokansa, sati uku muka kai shi. Shekara tamanin ina garin nan, ban taɓa ganin namiji ya ce wa namiji yana ƙaunarsa ba sai likita ya riga ya yi masa magana."

Ga gaskiya nan, taku ɗaya tsakanina da ita. Kalma uku kawai: lafiyata ƙalau, Goggo. Amma kek ɗin Goggo Beryl ba a magana da shi a baki, kuma kafin in haɗiye wani tunani ya riga gaskiya isowa. Wa zai iya ɗaga hannu ya ƙi mutumin da ke bakin kabari? Idan ƙauna ta kawo kaza, tausayi ai kwat zai kawo. In ya so bayan zaɓe in warke a hankali, a ce ikon Allah.

Na yi ɗan tari. Na ce, "Goggo, likita bai yanke rana ba." Ku lura, ban yi ƙarya ba. Rabona da likita shekara huɗu.

"Noelene fa?"

"Ba ta san komai ba." Wannan ma gaskiya ce.

Goggo ta share ido. "Ka bar ta ta ji daɗin jikarta. Duk wanda ya buga mata waya, da ni zai yi."

Laraba ranar wasa ce. Ni dai a shekara goma sha ɗaya ban taɓa cin Merv ba, saboda ciyawar kulob ɗinmu tana da son kai. Ran nan kuwa na mirgina ƙwallo ta tafi can gefe kamar mai neman bayan gida, sai na ji tafi. Merv ya zo yin nasa jifan, mutumin da ke iya sa ƙwallo ta tsaya a kan kwabo, ya wurga tasa cikin rami ya ce hannunsa ya zame. Na ci wasa uku a jere. Na so in yi masa dariya yadda muka saba, na ce, "Tsohon biri, yau ina bakin?"

"Ka yi ƙoƙari, Clive," ya ce a hankali. "Ka zauna ka huta."

Cin wasa ba tare da zagi ba kamar shayi ne babu sukari.

Muka shiga ciki na miƙa hannu zan ɗauki giyata mai sanyi, sai hannun Goggo Beryl ya riga nawa. Ta ture kofin, ta ajiye mini romon kaza mai ɗumi, babu gishiri. Na ce ko ɗan gasasshen naman nan da albasa a burodi, ta ce cikina ba zai ɗauka ba. Ina zaune ina kallon maza suna ci suna kau da kai don kada su ba ni sha'awa.

Alhamis kuma sai tumakin suka gano an ware su. Ban yi lissafin cewa a shagon Glenda mata suna zama a jere kansu cikin na'urar busar da gashi, wayoyinsu a hannu, ba su da aikin yi sai leƙen na juna. Da hantsi maƙwabciyata Dot Fennell ta buga ƙofa, ko kwano ba ta riƙo ba.

"Ɗaya, Clive."

"Ɗaya me, Dot?"

"Sumba ɗaya. Shekara talatin katanga ɗaya ta raba mu. Wa ke riƙe muku kare idan kun yi tafiya? Matar mai gidan mai, da ta zo garin nan shekaranjiya, biyu. Mutum yana barin duniya, abin da zai bar mini ke nan?"

"Yatsana ne ya zame."

"To ya sake zamewa ina tsaye."

Na tura mata uku a gabanta. Kafin ta kai ƙofar gidanta labari ya kai shago. Masu biyu suka ce ashe ana ƙari. Masu uku suka ce idan Dot ta kai uku, to su me ya bambanta su da gama-gari? Na shiga gwanjon da ban taɓa shiga irinsa ba, ni ne mai kaya, ni ne mai biya. Huɗu nan, biyar can, wata ta ce marigayiya uwarta ma 'yar kulob ce a da, a tura nata kason a wayarta. Wani tsoho da ke garken masu nauyin kunne ya aiko a tambaye ni ko gicciyen nan yana nufin an kore shi ne. Kafin azahar babban yatsana ya kumbura ya yi kamar dankali. Na naɗe shi da bandeji. Dot ta hango ta saman katanga, kafin la'asar gari ya ɗauka ciwon ya sauko hannu.

Da yamma sai ga Algie Brandt, mai shirya jana'iza, shi ma ɗan kulob ne, sumba ɗaya na ba shi don ban ga amfanin sabo da shi ba. Ya ce wucewa yake ya ce bari ya sha shayi. Ina kishingiɗe a doguwar kujera na ga yana tafiya a gefena daga kai zuwa ƙafa, leɓensa yana motsi.

"Algie, me kake ƙirgawa?"

"Ba komai. Kafet ɗin nan nake yabawa." Ya sake duba na daga sama zuwa ƙasa. "Kafaɗunka dai sun fi yadda na zata faɗi."

"Kwat za su ɗauka."

"Za mu sa maka duk wanda kake so," in ji shi.

Juma'a ranar kasuwa ce, ranar da nake zama sarki. Na fito da farar hulata da sandata, na tarar babu makullin mota. Merv ya zo da sassafe ya ɗauke, ya bar takarda cewa ya yi magana da abokin aikina, shi zai yi gwanjon. Na zauna a baranda da romon kaza ina jiyo muryar wani tana sayar da tumakina, murya kamar ta akuya mai mura. Sau biyu na miƙe zan tafi da ƙafa, sau biyu Dot ta leƙo ta ce, "Koma ka zauna, masoyi."

Abin da ya riƙe ni shi ne zuwan Glenda. Ta shigo da jakar kayan aikinta, idanunta jawur, ta ɗaura mini ƙyalle a wuya ta shafa wa gashin bakina baƙi, ta ce kyauta ne.

"Glenda, maganar gobe fa?"

"Kada ka sa komai a ranka, abin ƙaunata. Mun zauna da Merv da Goggo, mun gama komai. Kai dai ka zo ka zauna a gaba."

Ta fita na dubi madubi na ce, Clive, ta janye. Na gwada yadda zan ɗaga hannu in karɓi kwat da rauni-rauni, kada warkewar ta zo da wuri.

Asabar da ƙarfe biyu Merv ya zo da keken guragu da ya aro. Na ce zan iya tafiya, ya ce ya sani, ya sani. Ya lulluɓe mini gwiwa da bargo, a zafin da kwalta ke narkewa, ya tura ni tun daga wurin ajiye motoci har gaban taro. Ban taɓa ganin kulob ya cika haka ba. Mutum sittin da biyu, Noelene kaɗai ce babu, har da waɗanda na zata sun riga Kev tafiya. An fito da kujeru bakin ciyawa, koren kwat yana rataye a gaba, can gefe kuma wani abu dogo lulluɓe da zanen gado.

Tsohon shugaba ya miƙe da takarda. Ya ce bana zaɓe ya zo da sauƙi, don ɗan takara ɗaya ne. Na sunkuyar da kai cikin tawali'u. Ya ce Merv Tuckey, wanda ya gabatar da sunan ɗan'uwanmu Clive, ya janye sunan ranar Laraba, domin kulob ɗin nan bai lalace har ya ɗora wa mai jinya kaya ba. Masu goyon bayan Glenda Marchetti su ɗaga hannu.

Hannu sittin suka tashi. Glenda ba ta zaɓi kanta ba, don kunya. Merv ya ɗaga nasa, ɗayan yana dafe da kafaɗata.

Ina kallo aka zura wa Glenda kwat ɗina. Hannun kwat ɗin ya rufe mata yatsu. Ban gama haɗiye wannan ba ta taka zuwa abin da ke lulluɓe, ta ce aikinta na farko a matsayin shugaba shi ne wannan, ta yaye zanen. Benci. Allon tagulla yana walƙiya. Merv ya raɗa mini cewa shi ya kwana biyu yana goge katakon da hannunsa.

Na yi jifa da bargo na miƙe. "Jama'a, lafiyata ƙalau."

"Haka Kev ya ce," in ji Goggo Beryl, mata suka fashe da kuka.

"Babu abin da ke damuna. Ko ciwon kai ba na yi. A sake zaɓe."

"Jarumi ne har ƙarshe," wani ya ce daga baya.

"Yatsan fa?" in ji Dot.

"Ke kika kumbura shi."

"Ya fara rikicewa," ta gaya wa ta kusa da ita. "Haka suke yi."

Na ga magana ba za ta fisshe ni ba, sai aiki. Na zabura na faɗa cikin ciyawar wasa da takalmina mai dunduniya, abin da aka taɓa korar mutum daga kulob a kansa, ba wanda ya ce uffan. Na zaga fili da gudu ina ɗaga gwiwa, ina ihun farashin tumaki don su ji ƙarfin huhuna. Na dawo na nufi bencin, na ce zan tsallake shi su ga mamacin da ke tashi sama. Ƙafar dama ta wuce lafiya. Ta hagu ta ce ba da ita aka yi shawara ba. Wandona ya kama kusurwar allon tagulla ya yage tun daga ƙugu har gwiwa, na kife a gindin itacen turare, fararen aku kusan ɗari suka tashi da kururuwa, kowanne ya bar mini tsarabarsa. Gumi kuma ya kwaso baƙin Glenda daga gashin bakina ya gangaro da shi har haɓa.

Ina kwance na ga takalman Algie Brandt suna matsowa a hankali. Sai wasu takalman suka sha gabansu, waɗanda na sani.

"Clive," in ji Noelene, "na tarar da kwano ashirin da shida a gidana, kare ya yi ƙiba har ba ya iya tashi. Wa ya mutu?"

Goggo Beryl ta kama hannunta ta ja ta gefe. Na ga tana yi mata raɗa, na ga Noelene ta dubi benci, ta karanta allon, ta dubi keken guragu, ta dubi wandona. Ba ta yi kuka ba. Ta buɗe jaka ta ciro tabarau.

"Goggo, mutumin nan bara mura ta kama shi, ya sa na kira lauya. Ƙaya ta soke shi a ƙafa ya yi mini wasiyyar inda za a binne shi. Shi ne zai ji labarin mutuwarsa ya yi shiru?" Ta ciro waya. "Ga abin da mai barin duniya ya turo wa matarsa a satin nan. Litinin: ina mabuɗin gwangwani? Laraba: injin wanki yana wani ƙara. Jiya: idan za ki dawo ki sayo abincin kare." Ta ɗaga kai. "Ku fa, me ya turo muku?"

Wayoyi suka fito ɗaya bayan ɗaya. Noelene ta bi layi tana dubawa kamar mai duba haƙoran tumaki. Dot shida. Matar mai gidan mai biyar. Merv uku, da abin ƙaunata a sama. Algie ma ashe na ƙara masa zuwa huɗu a rikicin Alhamis, ban sani ba.

"Ranar Lahadi ya gaya mini zai sayi ƙuri'unku da sumba," ta ce. "Wai a buhu. Ni da na wanke masa safa shekara ashirin da takwas, ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗo mini daga buhun ba."

Har akun suka dawo suka zauna don su ji. Merv ya tako ya tsaya a kaina. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya mayar da hularsa, ya ja ta har gira.

"Kai tumbin banza," ya ce. "Kai tsohon kwaɗo mai gashin bakin fenti. Kwana biyar ban yi barci ba. Na yi kuka a gaban matata, ka san shekara nawa za ta yi tana tuna mini? Na jefa ƙwallo a rami saboda kai."

Wallahi tun Litinin ban ji magana mai daɗin wannan ba. Na ce, "Ƙara, tsohon biri."

"Tsanina zan je in ɗauka yanzu."

"Ai nawa ne."

"Ka mutu, na gada."

Glenda ta naɗe hannun kwat ta yanke hukuncinta na biyu a tsaye. Benci yana nan inda yake, tunda an riga an kafa, kuma mai sunan shi zai riƙa wanke kashin aku duk Laraba kafin wasa. Goggo Beryl ta ƙara da nata: a Mullabri ba a mayar da kwano wayam, saboda haka kwano ashirin da shida za su koma gidajensu cike, kuma Noelene ba za ta taɓa ko cokali ba. Yau sati uku ke nan ina kan na goma sha ɗaya. Dot ta dawo mini da nata sau biyu, wai bai dahu ba. Na rubuta wa Glenda takardar neman a sake zaɓe bisa dalilin cewa an yi shi a kan gawar da ba ta mutu ba. Amsarta ta zo cikin minti ɗaya: "A'a, masoyi. xx"

Larabar da ta wuce, bayan na gama wanke bencin, na zauna a kansa. Gaskiya yana da daɗin zama, Merv ya iya gugar katako. Na ciro waya na daɗe ina kallonta, sannan na rubuta wa Noelene: "Ina tafe gida. x" Guda ɗaya tak, kuma ita kaɗai ce a cikin ɗaruruwan da na raba wadda ban nemi komai da ita ba.

Wayar ta yi ƙara nan take. "Me ka fasa?"

Na so in haɗa wannan ma cikin jerin zaluncin da aka yi mini. Na duba hagu in ga wanda zan ɗora wa, na duba dama: Merv da ya goge katako, Goggo da ta yi kek, Glenda da ta shafa mini baƙi kyauta, Algie da ya yaba kafaɗuna. Duk garin nan babu wanda ya yi mini komai sai ƙauna, irin wadda ba sa iya faɗa sai da kwano da tsani. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma ga shi zaune a kan bencinsa da soso a hannu. To, a rubuta a filin nan da aka bari a allon tagulla, tunda dai ba a cike shi ba: shi ya jawo wa kansa, tun daga sumbar farko.